Daqing, 1986 zuwa 2016: yadda aka bi mutum 577 masu shirin kamuwa da ciwon suga

Daqing gari ne a lardin Heilongjiang, can arewa maso gabashin ƙasar Sin, inda hunturu ke daskarar da ƙasa wata da watanni. Kafin 1959 babu wani gari na a zo a gani a wurin, fili ne na ciyawa da fadama. A shekarar aka haƙo man fetur, aka kwaso ma'aikata daga sassan ƙasar, har a 1964 Mao Zedong ya umarci masana'antun ƙasar su yi koyi da Daqing. Zuwa shekarun 1980 rayuwa a garin ta fi sauƙi a kan yawancin garuruwan Sin. Abinci ya wadata, aikin ƙarfi ya ragu, ƙiba ta fara bayyana. Kuma mutanen garin ba masu yawan ƙaura ba ne, kowa yana manne da ma'aikatarsa da ƙaramin asibitin da ke kula da shi da iyalinsa.

A lokacin ba a cika jin ɗuriyar ciwon suga a Sin ba. Binciken da aka yi a faɗin ƙasar a 1980 ya nuna ko mutum ɗaya cikin ɗari masu shi ba su kai ba. Amma wani likita a Asibitin Ƙawancen Sin da Japan da ke Beijing, Farfesa Pan Xiaoren, ya hango cewa abin da ya fara a Daqing shi ne zai game ƙasar in arziki ya yaɗu. Shi da abokan aikinsa, ciki har da Li Guangwei da likitocin babban asibitin Daqing, da kuma Peter Bennett da Barbara Howard daga Amurka, suka ɗauko wata tambaya da har lokacin ba wanda ya gwada ta a kan jama'a ta hanyar ƙuri'a: mutumin da sugansa ya fara hawa amma bai kai ga ciwo ba, gyaran cima da motsa jiki za su iya tare masa hanya?

Tantancewa

A 1986 aka gwada jinin maza da mata 110,660 a ƙananan asibitoci 33 na garin. Matakin farko mai sauƙi ne. Za a ba mutum karin kumallo na burodin alkama da aka turara, mai kama da alkubus ɗinmu, ya ci, bayan awa biyu a ɗebi jininsa. Wanda sugansa ya ɗan yi sama sai a kira shi gwaji na biyu, wanda shi ne na haƙiƙa. Zai kwana bai ci komai ba, da safe a ɗebi jini, a miƙa masa ruwan da aka narka giram 75 na gulukos a ciki, zaƙi har ya ginshe shi, ya shanye cikin 'yan mintuna. Daga nan sai zama. Ba ci, ba shan taba, ba kai-komo, har awa biyu ta cika a sake ɗibar jini.

Wannan lamba ta biyu ita ke raba gardama. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1985, wanda da shi aka yi aiki, wanda sugansa ya kai milimol 11.1 a kowace lita ko ya haura yana da ciwon suga, wato 200 a na'urorin da ke ƙirga da miligiram. Wanda ya sauko ƙasa da 7.8, wato 140, lafiyarsa ƙalau. Masu tsakanin biyun su ne ke kan gaɓa. An samu mutum 630 da ciwon ya riga ya kama ba su sani ba, aka kuma samu 577 da ke kan gaɓa, matsakaicin shekarunsu 45. A kan waɗannan 577 aka yi aikin.

Ya kamata a san abin da ke faruwa a jikin mai wannan hali, domin shi ba ya jin komai. Babu yawan fitsari, babu ƙishirwa, babu rama. Abin da ya faru shi ne tsoka da hanta sun fara taurin kai ga insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki. Gaɓar da ke samar da insulin, wadda ke kwance a bayan tumbi, sai ta ƙara ƙaimi don ta cike giɓin, kuma takan yi shekaru tana wannan ɗawainiya kafin ta gaza. Kafin gazawar, wurin da ake fara ganin alama shi ne bayan cin abinci: sugan ya hau ya ƙi sauka da wuri. Da yawa daga cikin irin waɗannan mutane in aka tsaga musu yatsa da sassafe kafin karyawa, lambar tana fita daidai. Shi ya sa wanda aka yi wa gwajin safe kaɗai aka ce masa "sugarka lafiya" bai gama tsira ba, musamman in akwai ciwon a gidansu.

Abin da aka ce su yi

Ƙuri'ar ba a kan mutane aka jefa ta ba, a kan asibitocin aka jefa. Kowane asibiti ya faɗa ɗaya daga cikin rukuni huɗu, duk mutanensa kuma suka bi shi: rukunin gyaran abinci kaɗai, na motsa jiki kaɗai, na haɗa biyun, da na huɗu da aka bari don a kwatanta. Hikimar a fili take. Mutanen asibiti ɗaya maƙwabta ne, abokan aiki ne, in ka gaya wa wannan abu ka ɓoye wa wancan, kafin la'asar ya ji. Su ma 'yan rukuni na huɗu ba a sallame su hannu rabbana ba. An yi musu bayani a kan ciwon, aka ba su takardu masu ɗauke da shawarwarin abinci da motsa jiki. Abin da ba su samu ba shi ne wanda zai zauna da su ɗaya bayan ɗaya, ya kuma riƙa kiran su.

A ɓangaren abinci ba a zo da wani baƙon abu ba. Wanda ba shi da ƙiba an tsara masa kalori 25 zuwa 30 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, kashi 55 zuwa 65 cikin ɗari daga hatsi da danginsa, kashi 10 zuwa 15 daga masu gina jiki, kashi 25 zuwa 30 daga maiƙo. Aka ce ya yawaita ganye, ya rage suga da kayan zaƙi, ya rage giya. A lura, ba a hana kowa shinkafa ko alkama ba, fiye da rabin abincin ma daga gare su yake. Yawan ne aka ƙayyade. Wanda ma'aunin nauyi da tsawonsa, wato BMI da ake gane ƙiba da shi, ya kai 25 kuwa, an nemi ya riƙa sauke rabin kilo zuwa kilo ɗaya a wata har ya sauko 23. Ga mai tsawon mita 1.70, wannan na nufin daga wajen kilo 72 ya dawo wajen 66 ko 67. Rabin kilo a wata. Masu tallan shayin rage tumbi za su yi dariya, amma irin wannan ramar ce jiki ke iya riƙewa.

Ɓangaren motsa jiki ne ya fi burge ni, saboda yadda aka sauko da shi ƙasa. Ba a ce wa kowa ya je gidan motsa jiki ko ya sayi takalmin gudu ba. An ƙirƙiro wani ma'auni, aka ce kowa ya ƙara aƙalla ɗaya a kullum a kan abin da ya saba, wanda bai kai shekara 50 ba kuma ba shi da ciwon zuciya ko na gaɓoɓi ya ƙara biyu in zai iya. Ma'auni ɗaya shi ne minti 30 na abu mai sauƙi, kamar tafiya a hankali, zuwa cefane ko sharar gida. Ko minti 20 na tafiya da sauri, tuƙa keke, ko wanki mai nauyi. Ko minti 10 na sassarfa, hawa matattakalar bene, ƙwallon raga ko ƙwallon tebur. Ko minti 5 kacal na tsallen igiya, ƙwallon kwando ko ninƙaya. Matar da ke wanki da hannu da ma'aikacin da ke zaune a hawa na huɗu kowa ya ga kansa a jerin. A garin da sanyi ke hana fita rabin shekara, dole ne shawarar ta zama wadda za a iya bi a cikin gida, kuma an yi la'akari da hakan.

Dalilin da ya sa tafiya ke aiki kuwa shi ne tsokar da ke motsi tana jan suga daga jini ta wata hanya da ba ta dogara ga insulin sosai ba, bayan an huta ma takan yi sa'o'i da dama tana jin maganar insulin fiye da da. Amfanin yana gushewa in an yi kwana biyu ko uku a zaune. Shi ya sa aka ce kullum.

Sai tsarin bibiya. Bayan zaman farko da likita, ana tara su ƙungiya-ƙungiya duk mako har wata guda, sannan duk wata har wata uku, daga nan duk bayan wata uku har ƙarshen aikin. Duk bayan shekara biyu a maimaita gwajin ruwan gulukos. Haka aka yi ta yi har 1992.

Bayan shekara shida

Mutum 530 ne suka kai ƙarshe. A rukunin da aka ba takarda kawai, kashi 67.7 cikin ɗari sun kamu da ciwon suga. A rukunin abinci 43.8, a na motsa jiki 41.1, a na haɗaka 46.0. Da aka daidaita lissafin da bambancin nauyi da sugan da kowa ya fara da shi, haɗarin ya ragu da kashi 31 ga masu abinci, 46 ga masu motsa jiki, 42 ga masu haɗawa.

Lambar farko ita ce mai tayar da hankali. Biyu cikin uku na waɗanda aka bari da takarda sun kamu cikin shekara shida. Zama a kan gaɓa ba abin da za a ce "Allah Ya kyauta" a wuce ba ne. Kuma su ma fa an gaya musu abin da ya kamata, sun riƙe takardar sun tafi gida. Nasihar da aka yi sau ɗaya ta bi ta bayan kunne.

Abu biyu a sakamakon sun ba masana mamaki. Na farko, haɗa abinci da motsa jiki bai fi ɗaukar ɗaya ba, alhali kowa zai yi zaton zai ninka. Bambancin da ke tsakanin rukunonin uku bai kai wanda za a kafa hujja da shi ba, don haka ba daidai ba ne a ce motsa jiki ya doke abinci. A ganina abin da rukunonin uku suka yi tarayya a kai shi ne ya yi aikin: wani ya san sunanka, ya san nauyinka na wata uku da suka wuce, kuma yana jiranka. Wanda ake tambaya a kan tafiyarsa da wuya ya koma gida ya ci gaba da cika kwano kamar da. Na biyu, raguwar haɗarin ta zo kusan daidai ga masu ƙiba da marasa ƙiba. Masu ƙiba sun fi kamuwa, gaskiya ne, amma sirara ma sun kamu da yawa, kuma su ma gyaran ya amfane su duk da babu wani nauyi da za su sauke. Mu da muka saba jin ana cewa suga ciwon masu tumbi ne ko na masu kuɗi, wannan ya shafe mu kai tsaye.

An wallafa sakamakon a 1997. Bayan 'yan shekaru wasu ƙasashe suka tabbatar da shi. A Finlan, binciken Jaakko Tuomilehto a kan mutum 522 ya nuna raguwar kashi 58 a 2001. A Amurka a 2002, cikin mutum 3,234, gyaran rayuwa ya rage haɗarin da kashi 58, maganin metformin kuma da kashi 31, kuma daga can ne shawarar tafiyar minti 150 a mako da sauke kashi 7 na nauyi ta shahara. A Indiya a 2006 an samu raguwar wajen kashi 28.

Abin da ya biyo baya

Da a 1992 labarin ya tsaya, da ba zai fi sauran ba. A shekarar aka rufe shirin, aka gaya wa kowa sakamakonsa, kowa ya koma ga likitansa na yau da kullum. Babu sauran taron wata uku-uku. Amma masu binciken, yanzu a ƙarƙashin Li Guangwei, sun koma neman mutanen ƙafa da ƙafa a 2006, suka gano abin da ya samu kashi 98 cikin ɗari nasu, rayayyu da matattu. Zaman mutanen garin a wuri ɗaya ya yi rana.

Shekara goma sha huɗu bayan an daina kiran kowa, tasirin bai gushe ba. A tsawon shekara ashirin, haɗarin kamuwa ya ragu da kashi 43 ga waɗanda aka bibiya, wato 'yan rukunoni ukun gyaran abinci da motsa jiki. Sai dai a dubi ainihin lambobin: kashi 80 nasu sun kamu, a rukunin da aka ba takarda kawai kuma kashi 93. Wato takwas cikin goma na waɗanda aka wahala a kansu ciwon ya cim musu daga ƙarshe. Abin da suka samu shi ne jinkiri na shekara 3.6 a matsakaici. A lokacin kuma ba a ga wani bambanci tabbatacce a yawan mutuwa ko ciwon zuciya ba.

Mai gaggawa zai ce to ina ribar, tunda ciwon yana nan tafe? Ba a nan gizo ke saƙa ba. Ɓarnar suga ɓarna ce ta tarawa. Kowace shekara da jini ya yi yana ɗauke da suga fiye da ƙima tana cin ƙananan jijiyoyin bayan ido da na ƙoda da na tafin ƙafa, tana kuma taurara manyan hanyoyin jini da ke zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa. Wanda ciwon ya kama yana da shekara 48 da wanda ya kama yana da 52 ba za su isa 70 da jiki iri ɗaya ba. Bambancin ba ya fitowa da wuri, sai an yi haƙurin jira, kuma an jira.

Alamar farko ta fito a ido. Mummunar lalacewar ido, irin wadda ke kai ga ƙona jijiyoyi da hasken lesa ko ga makanta, ta ragu da kashi 47 a cikin shekara ashirin ɗin. A shekara ta 23, wato 2009, sai mutuwa ma ta rabu: kashi 28.1 na waɗanda aka bibiya sun rasu, a ɗaya rukunin 38.4. Mutuwa ta dalilin zuciya da jijiyoyin jini kuwa 11.9 a kan 19.6, kuma a Sin shanyewar ɓarin jiki ne kan gaba a wannan fanni.

A 2016 aka cika shekara talatin, aka samu bayanin mutum 540. Rahoton da Gong Qiuhong da abokan aikinta suka fitar a 2019 ya nuna jinkirin kamuwa ya kai shekara 3.96. Bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da makamantansu sun ragu da kashi 26, lalacewar ido da ƙoda da jijiyoyi da kashi 35, mutuwar zuciya da kashi 33, mutuwa gaba ɗaya da kashi 26. A matsakaici an samu ƙarin shekara 1.44 na rayuwa. Duk wannan daga shirin shekara shida da babu ƙwayar magani ko ɗaya a cikinsa. Wani nazari da aka sake yi a kan mutanen a 2024 ya ƙara haske: waɗanda suka yi aƙalla shekara huɗu ba su tsallaka zuwa ciwon ba bayan an gano suna kan gaɓa, su ne aka ga raguwar mutuwa da ciwon zuciya a tare da su a fili.

Inda ya kamata a yi hattara

Mutum 577 ba su da yawa, kuma rukunin kwatancen bai kai 140 ba, saboda haka 'yan mace-mace kaɗan suna iya karkatar da lissafi. Ƙuri'a a kan asibiti 33 ba ta kai ƙarfin ƙuri'a a kan ɗaiɗaikun mutane ba. Bayan 1992 kuma ba a riƙa auna abin da kowa ke ci ba, labarin waɗannan shekarun daga takardun asibiti da hira da dangi aka haɗo shi. Raguwar mutuwar ma a wajen mata ta fi fitowa, a wajen maza ba ta taka kara ta karya ba, kuma cikin abubuwan da ake zargi akwai taba, wadda ta yi katutu a tsakanin mazan Sin na wannan zamani. Rage tuwo ba ya goge ɓarnar sigari. Sannan binciken Amurka, da aka bi mutanensa shekara 21, bai ga raguwar ciwon zuciya ba. Ana danganta hakan da cewa mutanen can sugansu bai kai na Daqing hawa ba tun farko, kuma da yawansu suna shan maganin hawan jini da na kitsen jini, waɗanda suka riga suka rage haɗarin ga kowa.

Ita kanta ƙasar Sin ba ta tsira da abin da ta gano ba. Binciken 2007 zuwa 2008 ya samu kashi 9.7 na manyan ƙasar da ciwon suga, na 2010 ya samu 11.6, kuma a 2021 Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta masu shi a ƙasar sun kai wajen miliyan 140, fiye da kowace ƙasa. Hasashen Pan Xiaoren ya tabbata, maganin da ya gwada kuwa bai bi sawun ciwon da irin saurinsa ba. Abin da ya yiwu ga mutum ɗari huɗu da wani abu a garin da kowa ke da asibitinsa, ya yi wuyar yi ga ɗaruruwan miliyoyin da suka kwararo birane.

A wajenmu matsalar ta fara tun daga mataki na farko. Ƙiyasin ƙungiyar na 2021 ya nuna fiye da rabin masu ciwon suga a Afirka ba su san suna da shi ba, balle waɗanda ke kan gaɓa. Yawanci sai gyambon ƙafa ya ƙi warkewa, ko gani ya fara dishi-dishi, sannan a je asibiti a ji cewa suga ne. Canjin da Daqing ta gani kuwa muna cikinsa: babur da Keke Napep sun karɓe tafiyar da ake yi da ƙafa zuwa kasuwa, lemon kwalba ya zama abin tarbar baƙo, mai shayi yana zuba suga da babban cokali sai ka ce masa ya isa. Kayan aikin da aka yi amfani da su a asibitoci 33 ɗin nan ba su wuce sikeli, tef ɗin awon tsawo, gwajin jini da littafin rajista ba, sai ma'aikacin da zai duba littafin ya ga wanda bai zo zaman wannan watan ba ya aika a kira shi. Sikelin da tef ɗin akwai su a yawancin asibitocin unguwa. Sai dai littafin da ke kan tebur na masu ciki ne da na rigakafin yara, magidanci mai shekara 45 da bai kwanta ciwo ba babu shafinsa a ciki.